Da an raba kujerun kansiloli gwargwadon ƙuri'u, da yaya sakamakon Kano zai kasance?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi na ranar Asabar, 26 ga Oktoba 2024, kowa ya ji shi: NNPP ta ɗauki ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba ta rage ko ɗaya ba. A Janairun 2021 APC ce ta kwashe 44 da 484 ɗin. A Fabrairun 2018 ma ita ce. Ina so in ajiye muku wani sakamakon kusa da namu, mu dube su tare.

Birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu ya yi zaɓen kansiloli ranar 1 ga Nuwamba 2021. Majalisar birnin kujera 270 gare ta. ANC, wadda ke riƙe da ƙasar tun 1994, ta samu 91. DA ta samu 71, ActionSA 44, EFF 29, ragowar 35 kuma ƙananan jam'iyyu suka raba. Kafin ka naɗa magajin gari sai ka haɗa kansila 136, kun ga babu wadda ta kai ita kaɗai.

Abin da ya kawo haka shi ne yadda suke rabon. Rabin kujerun, wato 135, na mazaɓu ne kamar namu, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. Ɗaya rabin kuma da shi ake cike wa kowace jam'iyya abin da ƙuri'unta na duk birnin suka cancanta. ANC ta ci mazaɓa 87, amma ƙuri'arta ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku da ɗan wani abu ba, sai aka ƙara mata 4 kawai. ActionSA ko mazaɓa ɗaya ba ta ci ba, amma kusan mutum 16 cikin kowane 100 ita suka zaɓa, aka ba ta 44 daga jerin sunayen da ta miƙa. Da a wurinmu ne, duk waɗannan mutanen sun sha rana a layi a banza.

Tambayata: me zai hana Kano ta yi irin wannan?

Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, APC fa ba ta shiga zaɓen nan ba, da bakinta ta ce ta ƙaurace. Wanda bai tsayar da ɗan takara ba, da wace ƙuri'ar za a raba masa kujera? A 2021 mu ma mun ƙaurace lokacin muna PDP, kuma ba wanda ya tausaya mana.

Malamin Lissafi: Gaskiyarka ƙanena, shi ya sa na jero shekarun uku, don kada wani ya ce da jam'iyyarsa nake. Amma ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa duk wanda ke adawa yake gudun wannan zaɓe. A tsarin da muke kai, ko ka samu ƙuri'a 49 cikin 100 a kowace mazaɓa ta jihar nan, hannu rabbana za ka koma gida. Wa zai sayi fom, ya buga fasta, ya biya ejan-ejan a kowace rumfa, alhali ya san ƙarshen abin?

Ga lissafin da ya hana ni sukuni. Zaɓen gwamna na Maris 2023, wanda INEC ta gudanar: Abba Kabir Yusuf 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna 890,705. In ka ajiye ƙananan jam'iyyu gefe ka raba kujera 484 a kan waɗannan alƙaluma biyu, NNPP za ta tashi da 258, APC da 226. Koma 2019: Ganduje 1,033,695, Abba 1,024,713, ratar 8,982 ce kacal, ita ma sai da aka je zagaye na biyu. Jihar da mutum sama da miliyan 2 suka rabu gida biyu kusan kai da kai, ita ce ba a cika shekara 2 ba aka ce ɓangare ɗaya ya cinye mazaɓa 484. Ku da ku, mu da mu, mun san unguwanninmu ba haka suke ba.

Ɗan Kwari: Malam, ni ban yi nisa a boko ba. A sauƙaƙe mana, ya ake rabon? In ƙuri'a ba ta rabu daidai ba fa, a yanka kansila biyu?

Malamin Lissafi: Alhaji, kai da kake shiga watanda duk Sallah ai ka riga ka san shi. An haɗa kuɗi an sayi sa, mai kashi uku ya ɗauki uku, mai kashi ɗaya ya ɗauki ɗaya, ba a cewa wanda ya fi zuba kuɗi ya tafi da san gaba ɗaya.

Ɗauki Dala, mazaɓa 12 gare ta. Alƙaluman da zan kawo nawa ne na misali, ba na wani zaɓe ba ne. A ce mutum 60,000 suka jefa ƙuri'a. Ka raba 60,000 gida 12, kowace kujera ta tashi a kan 5,000. Jam'iyya ta farko ta samu 31,000, ta biyu 19,500, ta uku 6,500, ta huɗu 3,000. Ta farko ta ɗauki kujera 6, saura 1,000 a hannunta. Ta biyu ta ɗauki 3, saura 4,500. Ta uku ta ɗauki 1, saura 1,500. Ta huɗu ba ta kai ba, 3,000 ɗinta na nan. An raba 10 ke nan, saura 2. Sai a duba wa ya fi yawan ragowa: ta biyu da ta huɗu, kowacce a ba ta ɗaya. Majalisar Dala ta zama 6, 4, 1, 1. Akwai wasu hanyoyin raba ragowar da suka ɗan fi fifita manyan jam'iyyu, amma ginshiƙin dai ke nan.

Ɗan Kwari: Yanzu na gane. To mu a Fagge abin zai yi ma'ana. Mazaɓa 10 gare mu, 2 daga ciki Sabon Gari ce, ta gabas da ta yamma, kuma kowa ya san mutanen can ba lallai ra'ayinsu ya zo ɗaya da na Kwaciri ko Rijiyar Lemo ba. Suna biyan kuɗin shago, suna biyan harajin kasuwa. In suna da nasu a majalisa wanda suka zaɓa da hannunsu, ƙorafi zai ragu.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, ni abu ɗaya ne ya tsaya min. Ka ce jam'iyya ce ke miƙa jerin sunaye. Wa ke rubuta jerin? Wa zai zama na ɗaya, wa zai zama na 12?

Malamin Lissafi: Jam'iyya ce, Hajiya.

Hajiya Mai Atamfa: To ai shi ke nan. Jam'iyya a Kano mutum nawa ne? In ka cire jagora da mutanen da ke shiga falonsa, saura 'yan tafi. Yanzu ma da ake cewa maslaha, a ɗaki ake zama a fito da suna. In aka koma jeri, sai dai a ce na ɗaya ɗan wane, na biyu surukin wane, mu da muke bin gida-gida muna fito da mata ranar zaɓe a sa mu can ƙasa inda kujera ba za ta taɓa isowa ba.

Tsohon Kansila: Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ya zauna a kujerar.

Malam, ɗana, lissafinka ba shi da aibu a takarda. Amma ka san mene ne kansila a idon mutanen unguwa? Shi ne wanda ake buga wa ƙofa bayan sallar asuba. Matar wani na naƙuda an ce a kawo kuɗin jini, wurinsa za a zo. Taransifoma ta ƙone, shi ne zai bi layi da takarda ana karo-karo. Katangar maƙabarta ta faɗi da damina, shi za a tsare a ƙofar masallaci. An kama yaro, shi zai sa hula ya tafi caji ofis. Ni lokacin da nake kai, ban isa in sayi nama a bakin titi ba tare da wani ya tuna min kwatar layinsu ba. Wannan matsin shi ne kaɗai abin da ya rage wa talaka a hannu, domin ya san gidan kansila, ya san mahaifinsa, ya san inda yake zaman majalisar dare.

In ka ce duk Dala a zaɓi jam'iyya a raba kujera 12, mai yiwuwa 5 daga ciki su fito daga Gwammaja, Gobirawa da duk yawan jama'arta ta tashi ba kowa. Mutumin Gobirawa ƙofar wa zai buga? Kuma shi wanda ya hau ta jeri, wa zai ji tsoro? Ba mai ƙuri'a ba, sai wanda ya rubuta sunansa.

Na biyu, wanda ya fi wannan ciwo. Ko ka cika majalisar da 'yan adawa, me za su tarar a ciki? Mu a zamaninmu, kasafin kuɗi a ɗaure yake zuwa. A tara mu a ɗakin taro, fanka na juyawa, a raba mana kwafi, kafin ka buɗe shafi na biyu sakatare ya miƙo biro. Akwai ranar da na ɗaga hannu na ce ina son a nuna mana ina aka yi rijiyoyin burtsatsen da aka rubuta bara. Ɗakin ya yi tsit. Bayan an tashi wani ɗan'uwana kansila ya ja ni gefe ya ce, "Ciyaman ɗin ma bai ga kuɗin ba, kai wa kake tambaya?" Kuɗin can sama ake tsare su a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a sako albashi da ɗan abin gudanarwa. Wannan ita ce cutar.

Malamin Lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar buga ƙofa ita ce dalilin da ya sa na kawo Johannesburg ban kawo wata ƙasar ba. Su ba su rushe mazaɓa ba. Kowace mazaɓa na da kansilanta da aka zaɓa da sunansa da hotonsa. Jerin ƙari ne a kai. In za a yi a Dala, Gobirawa na nan da kansilanta, Kantudu na nan da nata, sai a ƙara wasu kujerun na cike giɓi.

Maganar ranar da ka ɗaga hannu kuwa, ni ita ce ma hujjata. Kai kaɗai ne, kuma ɗan jam'iyyar ciyaman ne, shi ya sa aka ja ka gefe aka rufe maganar. Da akwai mutum 4 a ɗakin nan waɗanda ba ciyaman ne ya kawo su ba, ba kuma ubangidansa ba, da tambayar rijiyoyin nan ta kwana a gidan rediyo.

Ɗan Kwari: A ƙara kujeru kuma? Wa zai biya su? Kansila 484 ma ana kuka da albashinsu.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni baƙonku ne, a Dawanau nake harkar hatsi, amma gida Damagaram. Abin da kuke muhawara a kai mu mun rayu a cikinsa, bari in ba ku abin da ido ya gani.

A Nijar tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 jam'iyya ake zaɓa, ba mutum ba. Kowace jam'iyya ta kawo jerinta, a raba kujeru gwargwadon abin da ta samu, sannan kansilolin su zauna su zaɓi magajin gari a tsakaninsu. Na ƙarshe da aka yi shi ne na 13 ga Disamba 2020. Alherinsa a fili yake. A lokacin PNDS Tarayya ce ke da mulkin ƙasa, amma a Yamai Lumana ce ta fi rinjaye, har Oumarou Dogari ya zama shugaban majalisar birnin a 2021. A Damagaram kuma RDR Canji ta Mahamane Ousmane ce ke da ƙarfi a lokacin. Ba ka jin an ce jam'iyya guda ta share ƙasa kaf. Sarakunan gargajiya ma suna zama a majalisar, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a.

Hajiya, ga abin da zai ɗan faranta miki. An yi dokar kason mata a shekarar 2000, a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe. Da yake jeri ne, dole jam'iyya ta sa mata, kuma dole su fito cikin waɗanda suka samu kujera. A tsarin mazaɓa ɗaya mutum ɗaya, ta ina za ka tilasta wannan?

Sharrinsa kuma ba zan ɓoye ba. Ranar da aka faɗi sakamako, ranar ciniki ke buɗewa. Mai kujera 2 ya zama ɗan lele, kowa na zawarcinsa. Akwai garuruwan da jam'iyyar da ta zo ta ɗaya ta wayi gari a adawa saboda sauran sun haɗa kai. Bayan an naɗa magajin gari kuma ba a barinsa ya zauna lafiya, yau takardar tsigewa, gobe sulhu. Abin da Hajiya ta faɗa a kan masu rubuta jeri shi ma gaskiya ne, haka ake yi. Yanzu dai duk an wuce wurin, tun da sojojin da suka karɓi mulki a Yulin 2023 sun rushe majalisun a Afrilun 2024, sun naɗa kantomomi.

Hajiya Mai Atamfa: Ka ga wannan ta kason mata ta shige ni. Ku duba hoton rantsar da kansiloli na kowace shekara a jihar nan ku ƙirga ɗankwali nawa ne a ciki. Mu ne a layi tun safe, goyo a baya, amma kujera sai maza. In jerin zai zo da doka mai haƙori, ba roƙo ba, zan sake tunani. Amma a rubuta cewa mace na cikin ukun farko, kada a tara mu a wutsiya.

Ɗan Gwammaja: Malam, na je na karanta labarin Johannesburg ɗin da ka kawo, kuma ka tsaya a rabin labari. Bayan zaɓen, Mpho Phalatse ta DA ce ta hau. A Satumban 2022 aka tsige ta, Dada Morero na ANC ya hau, kotu ta mayar da ita bayan 'yan makonni, a Janairun 2023 aka sake tsige ta. Sai aka ɗauko Thapelo Amad na jam'iyyar Al Jama-ah, mai kujera 3 cikin 270, aka ba shi birnin da ya fi kowane arziki a ƙasar, don kawai manyan sun kasa yarda da juna. Wata 3 ya yi ya sauka. Wani ɗan jam'iyyar tasu, Kabelo Gwamanda, ya karɓa, shi ma ya sauka a Agustan 2024, Morero ya dawo. Cikin shekara 3 fa! Mutanen birnin suna fama da ruwa da wuta, kansiloli suna ta ƙidayar kawuna. Wannan kake so a kawo mana Kano, inda ko ba komai ma siyasa ba ta barci?

Malamin Lissafi: Duk abin da ka faɗa haka ya faru. Abu biyu ne suka jawo shi, kuma duka suna da magani. Na farko, su ba su sa shinge ba, jam'iyya mai ɗan mitsitsin ƙuri'a ma tana samun kujera. A Jamus sai jam'iyya ta kai kashi 5 cikin 100 kafin ta shiga rabon kujerun majalisar tarayya. A majalisa mai kujera 12 ko 15 irin tamu ma, lissafin da kansa shinge ne, ba za ka ga jam'iyya goma sha a ciki ba. Na biyu, su kansiloli ne ke naɗa magajin gari, kamar yadda ɗan'uwanmu ya ce ana yi a Nijar, shi ya sa kujerar take rawa. Mu kuwa ciyaman jama'a ne ke zaɓarsa kai tsaye. A bar wannan yadda yake. Majalisar kawai nake magana.

Tsohon Kansila: To nan ma akwai tarihi, ɗana, kuma ba nesa ba. 1979, Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna a PRP, majalisa kuma NPN ce ke da rinjaye. Sun hana shi naɗa kwamishinoni, a Yunin 1981 suka tsige shi. Mu da muke samari a lokacin a nan Kano, zamanin Rimi, mun ga yadda abin ya girgiza PRP. Ka ba ciyaman majalisar da ba tasa ba, ko dai ya saye su, ko su ci shi.

Malamin Lissafi: Baba, ai majalisar da ta tsige Balarabe da tsarin mazaɓa aka zaɓe ta, irin wanda muke kai yau. Kuma sai da NPN ta haɗa kashi biyu cikin uku. A rabon gwargwado, da wuya jam'iyyar da ta faɗi zaɓen ciyaman ta samu kashi biyu cikin uku na kansiloli a rana ɗaya da akwati ɗaya.

Barista: Jama'a, ku ba ni dama in shigo da ɓangaren doka, domin akwai abin da ake tsallakewa.

Wannan shawara ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Kwamitin gyaran zaɓe da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais ya miƙa rahotonsa a Disamban 2008. A ciki ya ba da shawarar a gauraya tsarin mazaɓa da na rabon gwargwado, har ya ce a ƙara kujera 108 a kan 360 na Majalisar Wakilai don wannan. Ya kuma ce a shigar da hukumomin zaɓe na jihohi cikin INEC. Ba a aiwatar da ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓu, ya kuma bar wa majalisar jiha ta yi dokar tsarinsu. Amma sashe na 150 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce ƙa'idar da ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja ita za a bi a jihohi. Don haka majalisar dokokin Kano ita kaɗai ba za ta wayi gari ta sauya yadda ake rabon kujeru ba tare da an tafi kotu ba. Sai an taɓa dokar tarayya.

Baba, maganar asusun haɗin gwiwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ba za a ba kantomomin riƙo ba. Wannan ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. In hukuncin ya tabbata a aikace, kujerar kansila za ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba, kuma tambayar Malam za ta ƙara muhimmanci.

Sai dai ni inda na tsaya daban ne. Ku dubi Abuja. Tsarin mazaɓa suke bi, irin namu sak, ba rabon gwargwado. Amma INEC ce ke gudanar da zaɓen. A Fabrairun 2022, ƙananan hukumomi 6: PDP ta ci 3, APC ta ci 3, alhali APC ce ke fadar shugaban ƙasa. A Kaduna ma da aka gwada na'urar jefa ƙuri'a a 2018 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi. A jihohi kuwa gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar zaɓe da mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Wannan ba Kano kaɗai ba ce, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ke lashewa. Namu na 2024 ma kun ga yadda kotun tarayya da ta jiha suka ba da umarni masu karo da juna ana saura kwanaki.

Uwar Biyu: Barista ya faɗi abin da tun ɗazu nake son faɗa. Malam, rabonka duk a kan ƙuri'ar da aka ƙirga yake. In alƙaluman da za a ba ka ka raba ba daga akwati suka fito ba, sai a rubuta 95 da 5, a ba adawa kujera ɗaya don a rufe bakin mutane, a ce ga shi an yi rabon gwargwado. Ni ina ganin hakan ma ya fi haɗari, don yanzu ko yaro ya ji 484 cikin 484 ya san da magana.

Kuma ku tuna kuɗin fom da aka fara sanarwa a zaɓen 2024: miliyan 10 na ciyaman, miliyan 5 na kansila. Ƙaramar jam'iyyar da za ta cika jerin mutum 12 a ƙaramar hukuma ɗaya, ina za ta samo wannan?

Malamin Lissafi: Anti, ban musa ba, ƙidaya ce gaba da komai. Abin da nake gani shi ne biyun suna taimakon juna. Yau ɗan adawa ba ya tura ejan rumfar da ya san ba zai ci mazaɓar ba, sai a bar akwatin ba mai tsaro. In kowace ƙuri'a tana shiga lissafin kujera, ko 40 ya samu a rumfa sai ya tsaya a kansu har a rubuta, domin su ne za su haɗu da na wata rumfar su zama kansila. Mai son murɗiya kuma aikinsa ya ƙaru: yanzu ƙuri'a 200 ta isa ta juya mazaɓa, a can kuwa sai ya ƙirƙiri dubbai kafin ya motsa kujera ɗaya.

Ɗan Gwammaja: In dai INEC ɗin da ta ce zaɓen 2019 bai kammala ba ita za a ba, ni ban ga inda aka tsira ba. Mu mun san abin da ya faru a mazaɓar Gama a zagaye na biyu.

Ɗan Kwari: Ita ce kuma ta bayyana ku a 2023, ɗan'uwa. Ka ga ke nan a hannunta kowane ɓangare ya taɓa ci ya taɓa faɗuwa. A hannun ta jiha fa, yaushe adawa ta taɓa cin ko ɗaya a 'yan shekarun nan?

Tsohon Kansila: Kada ku mayar da zancen na jam'iyya, yara. Ni har yanzu ba a ba ni amsar wanda zai rubuta jerin ba. In an ce mutum zai iya dangwala wa sunan da yake so a cikin jerin, ba jam'iyya kawai ba, to zan saurara.

Barista: Akwai ƙasashen da ke yin haka, Baba. A Finlan da Barazil mai zaɓe yana zaɓar mutum ne a cikin jerin, ƙuri'ar ta shiga lissafin jam'iyya, sannan waɗanda suka fi samun ƙuri'a a cikin jerin su ne ke ɗaukar kujerun, ko da jam'iyya ba su ta fi so ba. Wahalarsa ita ce takardar zaɓe da ƙidaya sun fi rikitarwa, sai an yi wa jama'a bayani sosai.

Tsohon Kansila: Mutanen da suke bambance jam'iyya 18 a takarda ɗaya ba za su kasa wannan ba. A kawo irin wannan ɗin a tattauna.

Malamin Lissafi: To bari mu gwada da alƙaluman gaske maimakon na misali. Barista, sakamakon zaɓen 'yan majalisar jiha na 2023 mazaɓa-mazaɓa, ana samunsa?

Barista: Fom EC8A shi ne na rumfa, EC8B na mazaɓa. Na rumfuna an ɗora hotunansu a shafin IReV na INEC, sai dai a bi ɗaya bayan ɗaya a tattara, wasu kuma hoton bai fito sosai ba. Aiki ne, amma mai yiwuwa ne.

Malamin Lissafi: Ni zan ɗauki Dala. Alhaji, ka samo mana yaro mai kwamfuta ya tattara na Fagge, mu ga kujera nawa kowa zai samu ta hanyar mazaɓa da kuma ta hanyar rabo, musamman Sabon Gari.

Ɗan Kwari: Akwai yaron shagona da ya gama BUK, zan sa shi. Amma sai bayan Juma'a, kaya na shigowa wannan satin.

Hajiya Mai Atamfa: In kun tashi lissafin, ku yi shi da kason mata na kashi 25 ɗin nan a ciki. Ina son in ga a Dala mace nawa zai ba mu.